Boksin a Riyad ko UFC a Abu Dabi, wanne tikiti ya fi?

Ɗan uwa da ka yi tambaya jiya, ka ce kana aiki a Jidda, ka ɗan tara kuɗi kana so ka je kallon faɗa ido da ido karo na farko, amma ka rasa na zaɓa tsakanin damben boksin na Riyad da UFC na Abu Dabi, wato faɗan cikin keji da ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Toh ga yadda nake ganin abun.

Ka fara sanin me kuɗinka yake saya. A boksin galibi mutum biyu ka biya don ka gani, in ɗaya ya ji ciwo shikenan komai ya tsaya. Ka tuna Fury da Usyk, an sa 17 ga Fabrairu 2024, saura kamar sati biyu Fury ya samu yanka a saman ido wajen atisaye aka ɗage sai 18 ga Mayu. Kuɗin tikiti kam ana iya mayar maka ko a bar maka shi zuwa sabuwar rana, amma kuɗin jirgi fa, da otal, da hutun da ka roƙa a wajen aiki, wa zai biya ka?

Su UFC ba kasafai suke ɗagewa ba, mutum suke canzawa. A UFC 294 na Oktoba 2023 Oliveira ya janye aka kawo Volkanovski ya kara da Islam Makhachev, Paulo Costa ma ya janye Kamaru Usman ɗinmu ya karɓi Chimaev saura kwana goma, aka yi wasa ranar da aka sa. Don haka tafiyarka ba za ta lalace ba, sai dai mai yiwuwa wanda ka je dominsa ba shi za ka gani ba, kuma suna rubutawa a sharuɗɗan tikiti cewa jadawali na iya canzawa. Sannan faɗan yana da yawa, sama da goma a dare ɗaya. A Oktoba 2025 Aspinall da Gane ko turmin farko ba su gama ba aka tsokane wa Aspinall ido aka tashi babu wanda ya ci, abun ya yi ciwo wallahi, amma dai ƴan kallo sun riga sun sha kallo tun yamma.

Sai dai a yi adalci, Riyad ba kamar sauran wurare ba ce da sharar fagen boksin ba ta da armashi. Tun da Turki Alalshikh, mai shirya manyan wasannin boksin na Saudiyya, ya fara zuba kuɗi ake tara manya a dare ɗaya, a Disamba 2023 Joshua da Wilder duk sun hau a dare guda, ranar da Parker ya doke Wilder.

Tsawon faɗa kuwa, na kambu a boksin turmi 12 ne kowanne minti 3, UFC turmi 3 na minti 5, babban faɗa turmi 5. Duk a takarda ne, Joshua a turmi na biyu ya gama da Ngannou.

Maganar kujera ita ce mutane ke tafka asara a kai. A boksin igiya ce kawai tsakaninka da ƴan dambe, duk yadda ka matso gaba haka kallo ke ƙara daɗi. UFC kuwa keji ne, ga raga ga ginshiƙai ga masu kyamara a tsaye a jikinsa, kuma da an kayar da mutum an koma kokawa a ƙasa, wanda ya biya kuɗi mai tsada ya zauna a kujerun ƙasa layi na baya ba abin da zai gani, sai ka same shi ya ɗaga kai yana kallon allon talabijin. Kujerun bene na farko daidai tsakiya sun fi, ka ɗan yi sama kana leƙen cikin kejin, kuma sun fi araha.

Lokaci ma ka duba. A Riyad babban faɗa yakan kai wajen ƙarfe 1 ko 2 na dare saboda masu kallo a Ingila da Amurka, kuma zauren yakan zama fayau da farko sai dare ya yi ake cika. A Etihad Arena, zauren da ake UFC a Abu Dabi, manyan faɗan ƙarfe 10 na dare suke farawa, ihun ƴan kallo kuma ya fi, balle in ɗan yankin Dagestan na Rasha ne a keji, irin su Makhachev.

Wajen saye, na Riyad a manhajar Webook ake saya, na Abu Dabi a shafin Etihad Arena ko Ticketmaster. Ka buɗe akawun ka sa katinka tun kafin ranar da za a buɗe, don masu arahar su ke fara ƙarewa. Don Allah kar ka tura wa kowa kuɗi a WhatsApp ko Instagram ya turo maka hoton tikiti, hoto ɗaya ana iya sayar wa mutum biyar, wanda ya fara isa ƙofa shi zai shiga. In Abu Dabi ce kuma ka tabbatar za ka samu biza kafin ka biya ko sisi.

Ni dai a matsayinka na mai zama a Jidda Riyad zan ce ka je, jirgin cikin gida ne ba ruwanka da biza, in an ɗage ma asarar kaɗan ce, kawai ka kama otal da tikitin jirgi irin wanda ake iya sauya rana. In kuma zuciyarka na kan keji, UFC ɗin ma tana zuwa Riyad, a can Whittaker ya yi faɗa a Yuni 2024, a can kuma Adesanya ya sha kashi hannun Imavov a Fabrairu 2025, sai dai waɗannan biyun ba na kambu ba ne, masu kambun a Abu Dabi aka saba yi wajen watan Oktoba.