Shafin intanet ko zauren WhatsApp: wanne ya fi dacewa da ɗalibai masu yaƙi da shara?

Ɗaliban da suka ƙuduri aniyar wayar da kan unguwarsu game da sake sarrafa robobi da ledojin ruwa, musamman a birni irin Kano inda leda ke toshe magudanan ruwa da damina, sukan tsaya tsakanin hanyoyi biyu: gina shafin intanet ko buɗe zauren WhatsApp.

Shafin intanet yana da ɗorewa. A cikinsa ana iya ajiye taswirar wuraren da 'yan gwangwan ke sayen roba da ƙarafa a kan sikeli, tare da bayanin yadda ake ware kwalbar roba daga gwangwani kafin a kai musu, kuma duk wanda ya nema zai tarar da bayanin ko bayan shekara guda. Sai dai yana buƙatar kuɗin rajistar suna duk shekara, da kuma wanda zai riƙa sabunta shi bayan ɗaliban sun kammala karatu, kuma a nan ne irin wannan aiki yakan tsaya cak.

Zauren WhatsApp kuwa ba ya cin komai sai kuɗin data, kuma saƙon murya da Hausa yana isa ga uwargidan da ba ta yi karatun boko ba, alhali ita ce ke tara kwalaben a buhu a bayan ɗaki. Aibinsa shi ne bayani mai amfani yakan nutse cikin gaishe-gaishe da tallace-tallace.

A ganina, gara ɗalibai su fara da zauren, su saka mai unguwa da masu sayen robar a ciki, sannan su gina shafin idan sun tara bayanan da suka cancanci adanawa.