A-kori-kura a dusar ƙanƙara: mai 4A za ka saya ko mai 4H kawai?

Wani ƙanena da ya samu aikin gini a nan Kalgari, ƙasar Kanada, ya kira ni a watan Oktoba, yana tsaye a filin wani dilan motoci. Ya ce, "Yaya, ga a-kori-kura biyu a gabana. Shekararsu ɗaya, tafiyar da suka yi kusan ɗaya, amma ɗayar ta fi tsada. Wai don tana da 4A. Yanzu saboda harafi ɗaya zan ƙara wannan kuɗin?" Na ce ya leƙa ciki ya karanto mini abin da ke jikin makunnin nan na kusa da sitiyari. Ta farko: 2H, 4H, 4L. Ta biyu: 2H, 4A, 4H, 4L. (2H ja da ƙafafun baya kaɗai ne, 4H ja da ƙafa huɗu, 4L ƙafa huɗu da ƙaramar giya, a 4A kuwa motar ce ke sa ƙafa huɗu da kanta idan da bukata.) Na ce kada ya ba da ko sisi, ya zo gida mu sha shayi tukuna.

Duk wanda ya taso yana ganin Hilux a hanyar ƙauye ya san ta farkon. Direba yana tafiya da ƙafafun baya, in ya zo rairayi ko taɓo ya sa ogzilari, in ya fita ya cire. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati da ke raba ƙarfin inji zuwa farfela biyu, ɗaya ta baya, ɗaya ta gaba. Da ka murɗa zuwa 4H, akwatin ya ɗaure su wuri guda, dole su juya daidai wa daida. Matsalar a kwana take. Idan mota ta karya kwana, ƙafafun gaba suna bin zagaye mafi faɗi fiye da na baya, don haka suna bukatar juyi ya fi yawa. A kan dusar ƙanƙara ko yashi, taya ɗaya takan ɗan zame, sai komai ya daidaita ba ka ma sani ba. A busasshiyar kwalta kuwa babu mai zamewa, sai ƙarfen ciki ya sha wahalar.

Ni da jikina na koya. A hunturuna na farko da irin wannan mota, na fito daga unguwa da 4H saboda layinmu duk ƙanƙara ce, na manta ban cire ba. Da na zo shiga wurin ajiye motoci na masallaci ranar Juma'a, wurin an share shi tas, na karya sitiyari har ƙarshe. Sai motar ta soma tutsu kamar jakin da ya ƙi kaya: sitiyari ya yi nauyi, taya na kuka, gaban motar na tsalle kaɗan-kaɗan. Na ɗauka wani abu ya karye. Wani dattijo ɗan Sudan da ya shekara talatin a garin ya ƙwanƙwasa gilashi, ya nuna mini makunnin da yatsa, bai ce uffan ba ya wuce alwala.

Mai 4A tana da akwatin raba ƙarfi ita ma, sai dai a cikinsa akwai jerin faifan kuloci da ke cikin mai. Kwamfutar motar tana lura da gudun kowace taya, da yadda ka taka totur, sai ta matse faifan ko ta sassauta. Hanya lafiya, kusan duk ƙarfin yana baya. Baya ta soma sulɓi, kafin ka ankara an tura wa gaba rabonta. Na zamanin nan ma ba sa jiran sulɓin, da ka tashi daga danja suke matsewa. Kuma da yake kuloci yana iya zamewa, a kwana babu wannan turjiyar. Kana iya barinta a 4A tun daga Nuwamba har Afrilu, kwalta a bushe ko a jiƙe.

To, me ya sa wannan ya zama abin magana? Saboda hanyar hunturu ba iri ɗaya ba ce daga ƙofar gidanka zuwa wurin aiki. Da a ce dusar ƙanƙara ce fara fat tun daga farko har ƙarshe, da magana ta ƙare: ka sa 4H ka yi tafiyarka, mai tsada da mai araha duk ɗaya. Amma a garin nan manyan tituna ake fara sharewa a zuba musu gishiri da tsakuwa, layukan unguwa kuma a bar su da daskararriyar ƙanƙara da tayoyi suka danne. Ga kuma iskar nan mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsun yamma, wadda ake kira shinuk. Cikin sa'o'i kaɗan sai ta narkar da komai, titi ya cika da ruwa, dare ya yi sanyi ya dawo, ruwan ya daskare ya zama wata siririyar ƙanƙara mai kalar kwalta da ido ba ya gani. Ka hau babban titin Deerfoot da asuba, kwalta a bushe, sai ka zo gada. Gada tana riga sauran titi daskarewa domin iska tana bi ta ƙarƙashinta. Mita ɗari na santsi, sai kuma busasshiya, sai kuma inuwar wani gini inda rana ba ta kai ba.

A irin wannan hanya mai 4H kawai yana cikin tsaka mai wuya. Ya bar ta a 4H, yana cin taya yana wahalar da ƙarfe a duk kwana. Ya bar ta a 2H, yana tafiya da ƙafafun baya kaɗai, a motar da mafi yawan nauyinta yana gaba, bayanta kuwa fanko. Gaskiya ne ana iya murɗawa ana cikin tafiya. Toyota, alal misali, ta yarda a shiga 4H matuƙar gudu bai kai kilomita 100 a awa ba. Amma shigar tana ɗaukar ɗan lokaci, fitilar tana ta ƙyaftawa, kuma santsi ba ya sallama. Lokacin da bayan motarka ya fara lilo a kan gada, hannunka biyu suna kan sitiyari, bakinka na salati, ba ta makunni kake ba. Wannan ratar ce 4A take cikewa, kuma ita ce kake biya wa kuɗi.

Kada a ɗauka ina kushe ta gargajiya. Tana da sauƙin gini, kayan lalacewa a cikinta kaɗan ne, kowane bakanike ya san ta. In ta ɗaure ta ɗaure, babu wata kwamfuta da za ta yi shawara a madadinka. Wanda aikinsa a gona yake, ko a hanyoyin daji na kamfanonin mai da ke arewacin lardinmu na Albata, ko mai jan tirela daga cikin dusar da ta kai gwiwa, abin da yake so ke nan. Faifan kuloci kuwa idan aka daɗe ana ta fama a wuri ɗaya suna yin zafi, wasu motocin har su nuna gargaɗi su janye ƙarfi daga gaba sai sun huce. Yawancin masu 4A suna da 4H a gefe don irin wannan rana, amma ka sani a wasunsu 4H ɗin ma kulocin ne aka matse da ƙarfi, ba haƙoran ƙarfe ne suka shiga juna ba. Ga mai zuwa ofis wannan ba komai ba ne. Ga mai tura dusar ƙanƙara da garmar gaban mota yana karɓar kuɗi, abin tambaya ne.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata a duba. Daga ƙirar 2019, Chevrolet Silverado da GMC Sierra da yawa suna zuwa da tsarinsu na 4A mai suna Autotrac amma babu 4L sam, sai ka ɗauki irin masu ƙarin kayan shiga daji (Z71 a Chevrolet, X31 a GMC). 4L ita ce ƙaramar giya da ke ninka ƙarfin ja fiye da sau biyu da rabi, motar tana rarrafe. A kan titi ba za ka taɓa bukatarta ba. In kana hawa gangare da kaya ko fito da wata motar da ta kafe, ranar za ka san amfaninta.

Game da wa ke sayar da me: General Motors sun daɗe da Autotrac, tun ƙarshen shekarun 1990, don haka a motocin hannu ba wuyar samu. A Ford F-150, shekara da shekaru 4A tana farawa ne daga samfurin Lariat zuwa sama, masu araha irin XL da XLT kuwa galibi na gargajiya ne, wato harafin nan yana zuwa da kujerun fata da wasu kayan ƙawa da ba ka nema ba. A Ram 1500 maɓalli ne, an rubuta 4WD Auto. Toyota, wadda mutanenmu suka fi amincewa da ita tun daga gida, a nan ta yi riƙo da tsohon tsari: Tundra ba ta da shi, Tacoma ma sai a ƙirar 2024 aka samu wata mai tsada da ke ja da ƙafa huɗu koyaushe. Honda Ridgeline da Ford Maverick mai ja da ƙafa huɗu su kullum motar ce ke yanke shawara, babu 4L, kuma ga mai zaman gari sun wadatar. Talla dai kowacce 4x4 za a rubuta mata. Ka leƙa makunnin da idonka.

Yanzu ga abin da na fi daɗewa ina nanata wa ƙanena, har shayinsa ya huce. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi, ba ya taimaka maka ka tsaya. Kowace mota birki huɗu gare ta, kuma abin da ke tsayar da ita shi ne roba huɗu da ke taɓa ƙasa. Ka bi babbar hanya mai lamba 2 zuwa Edmanton washegarin dusar farko, ka ƙirga manyan motocin da ke kwance a rami gefen titi. Motar ta tashi ba gardama, sai direba ya ɗauka hanya lafiya ce, ya ƙara wuta. A wani ɓangaren ma mai 2H ya fi shi sa'a, don tun a ƙofar gida tayarsa ta gaya masa akwai santsi.

Tayar hunturu robarta daban ce, ba ta sandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Alamarta dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, a gefen tayar. A lardin Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A hanyoyin duwatsu na lardin da ke yamma da mu ana fara nemanta tun 1 ga Oktoba. Albata ba ta tilasta wa kowa, shi ya sa sabon zuwa yake ganin zai iya tsallake kuɗin. In aka ba ni zaɓi tsakanin mai 4A da tayar rani da mai 4H da tayar hunturu, ta biyun zan hau da iyalina, ba sai na yi dogon tunani ba. A ƙara da buhunan yashi uku ko huɗu a bodi, daidai saman aksul na baya, a ɗaure su da kyau don kada birki ya jefo su gaba.

Maganar mai ba ta da yawa. A 4A aksul na gaba yana haɗe, farfelar gaba tana juyi, don haka shan mai yana ɗan ƙaruwa. Rani ya shigo, ka koma 2H. Sai dai kowacce ka saya, ka riƙa sa mata ƙafa huɗu lokaci-lokaci ko da rani ne, a kan tsakuwa, don mai ya zagaya kuma ƙaramin injin lantarkin da ke sauya giyar kada ya maƙale. Littafin Toyota cewa ya yi kilomita 16 a wata.

In ta hannu za ka saya, kada ka yarda da zagaye ɗaya a bayan shago. Ka nemi fili mai tsakuwa ko dusa ka gwada kowane matsayi. Fitilar ta ƙyafta ta tsaya. In ta ci gaba da ƙyaftawa, akwai magana. Don shiga 4L sai ka tsaya ka sa giya a firi, za ka ji ɗan ƙwas, wannan ba laifi. Sannan ka koma busasshiyar kwalta, ka sa 4A, ka karya sitiyari har ƙarshe ka yi zagaye a hankali. Ya kamata ta tafi sumul. In tana kakkarwa ko gurnani, ko faifan sun cinye ko an zuba musu man da ba nasu ba, don akwatin nan ba kowane mai yake sha ba. Ka tambayi takardar ranar da aka canza shi. Ka duba tayoyin huɗu, girmansu da cinsu su zo ɗaya, domin taya ɗaya da ta bambanta tana sa kwamfuta ta ɗauka ana sulɓi, ta yi ta matse kuloci a banza. Daga nan ka durƙusa da tocila ka duba shasi, gishirin titi ba ya barin ƙarfe lafiya.

Na tambayi ƙanena hanyarsa. Yana fita ƙarfe 6 na safe, ya bi titin zobe da ya kewaye gari, ya sauka a sabuwar unguwar da ba a gama kwalta ba. Matarsa ma za ta riƙa tuƙawa ranar Asabar, kuma ba ta taɓa ganin hunturu ba. Na ce masa wannan hanyar ta 4A ce, in aljihu zai ɗauki motar da tayoyi huɗu a tare. Muka zauna da biro da takarda, muka sa inshora, muka sa haya, lissafi ya ƙi. Ya koma ya sayi mai arahar, ragowar kuɗin ya sa tayoyin hunturu a kan rim na ƙarfe, ya sayi buhu huɗu na yashi. Ranar da ya kawo ta in sa albarka, na yanko farar salatif na manna a ƙasan makunnin, na rubuta masa da maka: kwalta a bushe, 2H.