Bologna ko Pavia, ga mai son nazarin waƙar Italiya ta zamani

Ƙanwata, kin ce kin gama digirin farko a adabi, Italiyancinki ya fara zama, kuma kina son digiri na biyu a kan rubutacciyar waƙar Italiya ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma kin rasa wadda za ki ɗauka tsakanin jami'ar Bologna da ta Pavia.

A takarda kusan abu ɗaya ne. Digirin da suke kira laurea magistrale, shekara biyu, a ƙarshe ki rubuta kundi ki kare shi. Jarrabawa yawanci ta baka ce: ki zauna gaban farfesa, ya buɗe littafi ya ce karanta wannan waƙa ki yi mana sharhi, ya ba ki maki tsakanin 18 da 30 idan kin ci. Shaidar iya Italiyanci ta matakin B2, wato na sama da matsakaici, za ta shigar da ke aji, amma ba za ta ishe ki a wannan zama ba, ko a wace jami'ar.

Inda suka rabu shi ne irin tambayar da kowace ta saba yi wa waƙa.

Bologna gidan muhawara ce. A 1955 Pier Paolo Pasolini da Roberto Roversi da Francesco Leonetti suka buɗe mujallar Officina a garin, suna son waƙa ta dubi tarihi da halin da talaka ke ciki. Shekara guda bayan haka Luciano Anceschi, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar, ya kafa mujallar il verri a Milan, kuma daga inuwarta ne mawaƙa biyar na kundin I Novissimi suka fito a 1961, cikinsu har da Edoardo Sanguineti da Nanni Balestrini. Su kuma cewa suke harshen yau da kullum ya riga ya gurɓace da talla da siyasa, sai an wargaza shi kafin ya faɗi gaskiya. Daga nan aka kai ga taron Gruppo 63, ƙungiyar marubuta masu wannan ra'ayi, a Palermo. Har yau wannan saɓani na yawo a azuzuwan jami'ar da ke titin Zamboni, kuma littattafan Anceschi da wasiƙunsa na nan a ɗakin karatu na Archiginnasio. Jami'ar na da cibiyar waƙar zamani mai gayyato mawaƙa masu rai su karanta aikinsu. Kuɗin da za ki biya a kan wannan armashi shi ne cunkoso: ɗalibai sun yi yawa, ɗakin haya na wuya da tsada, samun lokacin farfesa kuma sai da naci.

Pavia kuwa tambayarta ita ce: yaya aka yi waƙar nan ta zama yadda take? A 1969 Maria Corti, malama a jami'ar, ta fara tara takardun marubuta da 'yan rubuce-rubucen hannu da mawaƙi Eugenio Montale ya ba ta, shekara shida kafin ya karɓi lambar Nobel. Wannan tari ne ya girma ya zama Centro Manoscritti, cibiyar rubuce-rubucen hannu ta jami'ar, inda ake adana takardun Umberto Saba, Amelia Rosselli, Alda Merini da wasu da dama. Fannin da ake yi a nan sunansa filologia d'autore, kuma Dante Isella, wanda ya raɗa masa sunan, ya koyar a Pavia. Aikin shi ne ki jera kwafen farko da na biyu da na bugu, ki ga kalmar da mawaƙi ya soke, wadda ya ɗora a sama da wani alƙalami, baitin da ya cire ya dawo da shi bayan shekaru. Ya yi kama da aikin masu tantance kwafen waƙoƙinmu na ajami, sai dai a can masu kwafa ne suka saɓa wa juna, a nan mawaƙin ne da kansa yake saɓa wa kansa, kuma kowane gyara hukunci ne da za ki iya bin diddiginsa. Garin ƙarami ne, haya ta fi sauƙi, Milan kuma tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa.

Ni dai Pavia zan ce miki, kuma dalilina ya shafi zamanki baƙuwa. A fagen muhawara za ki kara da yaran da suka taso da waƙoƙin Leopardi da Pascoli, manyan mawaƙan Italiya na da, tun sakandare, suna jin amon tsohon baiti a cikin sabo ba tare da an nuna musu ba. Wannan kunne na ɗaukar shekaru. A ɗakin adana takardu kuwa haƙuri da ido ne jari, kuma fayil guda da ba a yi masa aiki sosai ba zai iya ba ki kundin da ya ƙara wani abu na gaske. Ki duba Rosselli musamman. An haife ta a Paris a 1930, 'yan fasist suka sa aka kashe mahaifinta Carlo a 1937, ta girma tsakanin Ingila da Amurka, ta yi waƙa da Italiyanci da Ingilishi da Faransanci, har harsunan na kutsawa cikin juna a baiti guda. Wanda ya yi boko a Najeriya ko Nijar ya saba zama tsakanin harsuna, don haka ya shigo da abin da yawancin 'yan ajin ba su da shi a nan.

Amma idan mawaƙin da ke ranki yana raye, yana bugawa a ƙananan mujallu, takardunsa na aljihun teburinsa, to Bologna ce taki. Haka ma idan kin san zama shiru da rubutun hannu mai wuyar karantawa zai kashe miki gwiwa.

Batun kuɗi bai raba su sosai ba, domin duka jami'o'in gwamnati ne. Tallafin karatu a Bologna hukumar ER.GO ke bayarwa, a Pavia kuma EDiSU. Kwalejojin kwana na Ghislieri da Borromeo a Pavia da gasa ake shigarsu, gurbin kaɗan ne, kada ki ɗora lissafinki a kansu. Kafin ki cike rajistar Universitaly, shafin intanet da ɗaliban ƙasashen waje ke neman gurbi ta cikinsa, ki karanta sharuɗɗan shiga da kyau, don suna ƙirga darussan da kika yi a digirin farko, wani lokaci har da Latin. Sannan ki rubuta wa malamin da kike so ya duba kundinki da Italiyanci, ki ambaci mawaƙi guda da littafinsa guda da kika karanta.