Na je gwajin bakin mahaifa, ga yadda ta kaya

Tun rasuwar Gwaggona bara nake ta cewa zan je zan je. Ita jini ne ya dawo mata bayan ta daɗe da daina al'ada, aka yi ta ɗirka mata maganin sanyi da jiƙe-jiƙe, ko da aka kai ta asibiti likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce kuma ta riga ta ci jiki. Allah Ya jiƙanta. To watan jiya dai na daure na hau adaidaita daga Ɗorayi na nufi wani asibiti a cikin gari, sunan kam ba zan faɗa ba don akwai ƙorafi.

Bari in fara da ƙorafin in huta. Ƙarfe 8 na isa amma ba a kira ni ba sai da aka yi azahar, mai ba da kati sai faɗa take kamar mun zo cin bashi, sannan labulen ɗakin bai rufe ƙofar duka ba, sai da na ce wa sista don Allah a ja shi tukuna na hau gadon. Haba, wurin da mace za ta kwance zani ai bai kamata sai ta roƙa ba.

Amma sistar da ta duba ni, wallahi ta iya aikinta. Dattijuwa ce, tana ganin jikina na rawa ta ce "ƙanwata saki jikinki, haihuwa nawa kika yi?" na ce huɗu, ta ce to wannan wasan yara ne. Ta sa wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa ta buɗe, sanyinsa ne kawai ya dame ni ba zafi ba, ta shafa ruwan khal a bakin mahaifar ta jira minti ɗaya tana haskawa da fitila. Wai in akwai wurin da ya fara canzawa fari yake yi. Nawa ya yi fari, ɗan kaɗan.

Nan fa cikina ya ɗuri ruwa, Gwaggo kawai nake tunawa. Ta ce in kwantar da hankali ba sankara ba ce, share fagenta ne, kuma a mace mai lafiya abin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe, shi ya sa ake so a kama shi tun yanzu. A take ta sa wata 'yar na'ura mai ɗumi a wurin da ya yi farin don ta ƙone shi, bai fi minti ɗaya ba, na ji mara ta murɗa irin ta al'ada shi ke nan. Na yi kusan sati uku ruwa-ruwa na fita, da ma ta gaya min, kuma ta ce sati 4 ba kusantar maigida.

Maganar maigidan ce ma ta fi ba ni wuya, don ƙwayar cutar, HPV, ta hanyar saduwa ake ɗauka, kin san mu da zargi, tun a kan gadon na fara lissafi. Sista ta yi dariya ta ce kar in je in tayar da yaƙi a gida, yawancin masu aure sun taɓa ɗauka ba su sani ba, jiki ne ke kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu, a wasu ne take maƙalewa, kuma tana iya daɗewa shiru ba wanda zai ce ga ranar da ta shigo. Iri biyu na ƙwayar, masu lamba 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankarar.

Kunya ta kama ni da ta tambayi ko an yi wa 'yata rigakafin HPV da aka fara a Oktoban 2023 na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ni ce na hana lokacin da suka zo makarantarsu, saboda wani sakon murya na WhatsApp wai yana hana haihuwa. Allura ɗaya ce kuma kyauta, ranar Litinin na kai ta da kaina.

Mai niyyar zuwa, daga shekara 30 ake so a fara, mai HIV kuma daga 25. Kar ki je kina al'ada, ki tafi da audugar mata da ɗan abin taɓawa saboda layin nan. Ni an rubuta min in koma bayan shekara ɗaya a sake dubawa, katin na cikin jakar da nake ajiye na awon yara.