Amfilifayar bes ɗin da Baba ya kira akwatin rediyo

Ranar da na fara shiga ɗakin gwajinmu da ita a hannu ɗaya, jitata rataye a baya, Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, ina amfilifayar da ka ce ka saya?" Na dire ta a gabansa. Ya sa ƙafa ya ɗan zungure ta, ta gusa. Ya ce, "Wannan ai akwatin rediyo ce. Abin da ba shi da nauyi ina zai samo murya?" Mai ganga ya tuntsire da dariya, mai piyano ya kau da kai don kada Baba ya ga yana goyon bayana.

Baba shi ne shugaban ƙungiyarmu, ya haura shekara 30 yana kiɗa a Kaduna, kuma a hannunsa na koyi riƙe jitar bes. Don haka ban yi musu ba, na ce, "Ku dai saurara tukuna, Baba." Yau wata takwas ke nan ina aiki da ita, a dinar biki, a taron makaranta, har da fili sau uku, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don kada a ce talla nake yi ko ɓata wa wani kasuwa. Irinta sun yi yawa yanzu, kuma kusan halinsu ɗaya.

Kombo ce, wato kan amfilifaya (injin da ke ƙara ƙarfin sauti) da lasifika a akwati guda. Lasifika biyu ne masu inci 10, da ɗan ƙaramin ƙaho na siririn sauti. An rubuta wat 500 a jikinta, nauyinta kuwa kilo 17 ne. Daga kasuwar Alaba ta Legas aka turo mini ita, kuɗinta ya kai na babur na hannu, kuma sai da na yi adashin wata biyar. Wadda nake amfani da ita a da mai lasifika ɗaya ce inci 15, jikinta lulluɓe da kafet, da taransifoma a ciki kamar an dasa dutsen niƙa. Mutum biyu ke ɗaukarta, kuma masu keke da yawa da sun hango ta sai su ƙara kuɗi ko su wuce. Bayana ne ya sa na sake, ba kunnena ba. Wata rana muna hawa da ita bene na biyu a wani ɗakin taro na ji ƙuguna ya amsa, na yi sati biyu ina sunkuyawa kamar mai tsintar allura.

Abu biyu ne suka rage wa na zamanin nauyi. Na farko injin ƙara ƙarfin, wanda ake kira aji D. Mutane da yawa suna zaton D ɗin nan na nufin dijital, alhali harafi ne kawai ya biyo bayan C. Yadda yake aiki shi ne yana kunna wuta yana kashewa sau dubbai ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja ke zama sauti, kaɗan ne ke zama zafi. Tun da ba zafi sosai, ba a bukatar ƙaton ƙarfen sanyaya, kuma an maye gurbin taransifomar nan mai karya baya da ɗan allon lantarki. Na biyu maganaɗisun lasifika, wanda a da baƙin dunƙule ne mai nauyi, yanzu kuwa da yawa na niyodimiyam ne, ƙarami amma da kamun tsiya.

Sautinta a daren farko bai burge ni ba, gaskiya. Tsaf yake, har tsaftar ta yi yawa. Duk inda yatsana ya goga tsirkiya sai a ji ƙiii, duk inda na makara da ɗaga yatsa sai ta faɗa wa duniya. A nan na gane ashe tsohuwar rufa mini asiri take yi shekara da shekaru, tana haɗiye kurakuraina cikin gurnaninta. Kwana uku na yi ina murɗe-murɗe. Na kashe ɗan ƙahon gaba ɗaya, domin in ba mai marin tsirkiya ba ne kai, ba abin da yake ƙara maka sai shuu. Maɓallin ƙasan sauti, wanda kowane sabon shiga ke fara murɗawa har ƙurewa, shi na rage. Wanda na ƙara shi ne na ƙasan tsakiya, wajen hez 250 zuwa 400 (hez shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), inda naman bes yake. Da na yi haka sai ta zauna daram tsakanin babbar ganga da kalangu, ba ta danne kowa ba, ba wanda ya danne ta. Mai kalangunmu ne ya fara yabawa, ya ce yanzu yana jin inda nake taka ƙafa, a da kuwa guguwa kawai yake ji a bayansa.

A kan wat 500 ɗin nan, kada takarda ta ruɗe ka. Ba za ka samu 500 ba sai ka jona mata wani akwatin lasifika mai om 8 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta ne), jimillar ta sauko om 4. Ita kaɗai wajen 300 take bayarwa. Ko da ka samu ɗin ma, ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙara maka a ma'aunin ƙarfin sauti, kunne zai ji an ɗan ƙara, ba zai ji an ninka ba. Abin da ke cika wuri da bes shi ne yawan iskar da lasifika ke turawa. Tsirkiyar E, mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, tsawon igiyar sautinta ya haura mita 8. Shi ya sa kai da ke tsaye a gindinta za ka ga kamar ba ta fita, alhali iyaye mata da ke zaune can lungun ɗakin taro suna dafe ƙirji suna aiko yaro a ce a rage. A cikin ɗaki mai cin mutum 200 ta ishe ni har da ragowa. A fili kuwa, inda ba bangon da zai dawo da sauti, iska ke kwashe ta. Abin da ya cece ni a filin wata makaranta shi ne ramin da ke bayan amfilifayar na tura sauti kai tsaye zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta aika wa manyan lasifikai. Injiniyan sauti ya jona waya ɗaya, manyan lasifikan taro suka ɗauki nauyin, ita kuma ta zama ta jin kaina kawai. Injiniyan nan shi ya fi kowa sonta, don a cewarsa tsohuwar kullum faɗa take yi da shi.

Baba dai bai sauka daga bakansa ba. Shi a wurinsa amfilifayar bes ɗaya ce a duniya, Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969, kuma ƙungiyar Rolling Stones ta zaga Amurka da ita a shekarar. Wat 300 ce, da manyan bawul 6 na gilashi masu ja kamar garwashi, kanta kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinta mai lasifika 8 ya haura kilo 60, har makaɗa ke kiransa firiji. Ba zan yi ƙarya ba, na taɓa kaɗa ta sau ɗaya a wani situdiyo, kuma na san abin da Baba ke nufi. Idan ka ja tsirkiya da ƙarfi ba ta yi maka ihu, sai ta lanƙwasa ta yi wani gurnani mai daɗi, kamar tana numfashi tare da kai. Tawa idan na matsa mata ta kai iyaka, sai in ji an riƙe ta cak, kamar mota ta ci birki. Wannan bambancin gaskiya ne. Sai dai sau nawa a shekara nake kai ta iyakar?

Mai piyano ne ya kawo shawarar a yi gwaji. Muka jera tsohuwar da sabuwar a bayan labulen taga, Baba ya juya baya, ni kuma ina kaɗa layi ɗaya na rege ina canja waya. Sau biyar muka yi, sau biyar Baba na cewa "tsohuwa" ko "rediyo" ba kuskure. Jikina ya yi sanyi. Sai mai ganga, wanda ba ya raina abin tsokana, ya ce, "Baba, ku faɗi gaskiya, da me kuke ganewa?" Baba ya yi murmushi ya ce tun kafin in taɓa tsirkiya yake ganewa, domin tsohuwar tana da wani zuuu da take yi ko ba a kaɗa komai ba. Muka sake, wannan karon mai ganga na kiɗa a hankali don ya rufe zuuu ɗin. Baba ya ci biyu, ya faɗi uku. Ya miƙe ya ce labulen ne ke tare sauti.

Nan na fara zargin cewa rabin gardamar nan ta ido ce. Makaɗa na son su ce kunne kawai suke bi, amma ka saurari yadda suke zance. Markbass, kamfanin Italiya da ya fara a 2001, yana da kan amfilifaya da bai kai kilo 3 ba, kuma mutane da yawa sun yarda da sautinsa, amma na san mai bes ɗin da ya rantse ba zai tsaya gaban lasifika mai ruwan ɗorawa ba, wai kamar tasi. Wani kuma launin ne ma ya ja shi, don daga ƙarshen ɗaki ake gane abin da yake kaɗawa. Orange ta Ingila tun 1968 take sanye da ruwan lemo ba ta canja ba, kuma ba mai ce mata komai, saboda tsufa ya wanke ta. Hartke na da lasifikan alminiyam masu walƙiya tun shekarun 1980, har yau akwai masu cewa suna jin ƙarar ƙarfe a cikinsu tun kafin a kunna. Darkglass ta Finlan baƙa ce sumul da 'yan fitilu, samari masu jita mai tsirkiya biyar na mutuwa a kanta, dattawa kuma na cewa kamar dikodar talabijin. Fender sun fi kowa wayo a nan: jerin Rumble ɗinsu marasa nauyi ne na zamani, amma sai suka yafa musu yadin gaba mai ruwan azurfa da maɓallai irin na da, ka gan ta ka ce gadon kaka ce.

Tawa baƙa ce, da ragar ƙarfe a gaba da wata shuɗiyar fitila mai kashe ido, wadda na manne da salatif tun sati na farko. Ba ta da kwarjini, wannan na yarda. Kuma a sana'armu kwarjini kuɗi ne. A wata dina babban abokin ango ya zo muna jera kaya, ya dubi gefena ya ce, "Malam, sauran kayan suna hanya ne?" Na ce ai ke nan. Ya je ya samu Baba yana cewa ba haka suka gani a bidiyon bikin da muka yi a baya ba, sai dai a rage wani abu. Baba ya lallaɓa shi, amma a mota ban sha da daɗi ba. Mai piyano ya ce kada in damu, ai Geddy Lee na ƙungiyar Rush ta Kanada, da ya koma tura bes ɗinsa kai tsaye zuwa miksa, injinan busar da tufafi ya riƙa jerawa a bayansa don cike gurbin, a 2007 ma na'urorin gasa kaji ya sa. Baba ya ce to shi ba a Kaduna yake karɓar kuɗin biki ba.

Akwai abubuwan da suka ba ni haushi. Ba ta son wasa da wuta ko kaɗan. Sau biyu janareto ya yi ƙasa lokacin da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗauke ɗif na 'yan daƙiƙu don kare kanta, ɗaya ma ana tsakiyar shigowar amarya. Tsohuwar a irin wannan hali sai dai muryarta ta dushe, amma ba ta yin shiru. Dole na sayi sitabilaiza, wanda ya mayar mini da wani ɓangare na nauyin da na gudu. Fankarta kuma tana zuƙar ƙura, da hunturun nan duk sati biyu sai na bi ramukan da burushi, maɓallan da ke sama har sun fara ƙarar yashi idan na murɗa. Saboda rashin nauyi, a kan tayil tana tafiya da kanta idan na daki tsirkiyar E, sai da na yanko guntun tabarmar roba na riƙa shimfiɗa mata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gyara. Na kai wa mai gyaran da ya saba duba mini tsohuwar don ya share ta, ya buɗe baya, ya daɗe yana kallon allon da 'yan ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero, ya mayar ya ɗaure. Ya ce, "Wannan in ta mutu ba gyara, sai dai a sake allon ɗungurungum, shi ma sai an yi odarsa." Tsohuwar kuwa sau huɗu yana tashinta daga suma da kayan da ya ciro a tsofaffin rediyoyi.

Duk da haka, da za a maido mini kuɗina a ce in sake zaɓa, ita zan ɗauka. Wanda ke kiɗa wuri ɗaya, coci ko situdiyo, inda ba a ɗaga kaya, yana da mai gyara a kusa, ba shi da dalilin rabuwa da tsohuwarsa. Amma mai yawon biki irina, wanda ke tare keke ƙarfe ɗayan dare da jita a baya, ya san darajar abin da hannu ɗaya ke ɗauka. In Allah ya hore, abin da zan ƙara shi ne akwati mai inci 15 a ƙarƙashinta, in samu wat ɗin da aka rubuta, in kuma samu tsayi.

Kafin nan dai mun samu mafita. Tsohuwar ba a sayar ba. Idan bikin manya ne, Baba kan sa yara biyu su ɗauko ta, a dasa ta a bayana, a ɗora sabuwar a kanta. Ba a jona wa tsohuwar ko waya ɗaya. Satin da ya wuce wani baƙo ya zo bayan an tashi, ya dafa kafet ɗinta ya ce wa Baba shi fa bes ɗin tsofaffin nan daban ne, na zamani ba sa yin haka. Baba ya gyara tabarau ya ce, "Ai kuwa dai."