Sakin ɗalibai a intanet ko shata musu hanya: amsa ga Sista

Sista, kin ce kin ba 'yan aji biyu na makarantar koyon jinya aiki su binciko yadda ake kula da yaro mai gudawa, suka kawo miki takardu kusan iri ɗaya, har kuskuren rubutun ma ɗaya ne. Kina tambaya ko ki haƙura da intanet ki koma lacca. Kada ki haƙura tukuna. Aikin intanet iri biyu ne, mai arhar kika ba su.

Na farko shi ne "ku je ku bincika". Malami bai yi gumi ba, cikin minti ɗaya ya ba da aiki. Ɗaliba ta buɗe waya, ta tambayi Google ko ChatGPT, abin da ya fara fitowa ta kwashe. Ba ta duba wanda ya rubuta ba, balle shekara. A jinya kuwa shekara ba abin wasa ba ce. Haɗin ORS, wato ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, na dā ya fi na yanzu gishiri da sukari, kuma a 2004 ne WHO da UNICEF suka fitar da sanarwar a riƙa haɗa sabon da zinc na kwana 10 zuwa 14. Wadda ta faɗa a tsohon shafi ba za ta ga zinc ba sam, kuma ba za ta san ta rasa komai ba.

Na biyu shi ne wanda ake kira WebQuest. Bernie Dodge na Jami'ar Jihar San Diyego a Amurka ne ya tsara shi a 1995, tare da Tom March. A nan malami ne ke zaɓo shafukan da za a karanta, ya kafa matsala, ya jera matakai, ya kuma nuna wa ɗalibai yadda zai raba maki tun kafin su fara. Akwai gajere na darasi ɗaya zuwa uku, akwai dogo mai kai mako zuwa wata. Ki fara da gajeren.

Ga yadda zan juya aikinki. Uwa ta kawo yaro ɗan wata 10, nauyinsa kilo 8, kwana biyu yana gudawa. Idanu sun faɗa, yana ta rigima, in an miƙa masa ruwa sai ya wawura. Ki kasa su huɗu-huɗu, ki ba su jadawalin IMCI na WHO, wato jagorar kula da cututtukan ƙananan yara, da wasu shafuka biyu kacal. Ɗaya ta tantance matakin ƙarancin ruwan, ɗaya ta lissafa ORS, ɗaya ta fito da alamun da za su sa a tura shi babban asibiti, ta huɗu ta shirya abin da za a faɗa wa uwar da Hausa. In sun bi daidai za su iso tsarin B na jadawalin, na yaro mai matsakaicin ƙarancin ruwa: ORS mililita 75 a kowane kilo cikin awa 4, wato 600. Ba shafin da za su kwafo wannan 600 ɗin, don yaron naki ne, ba ya intanet.

ChatGPT kam zai lissafa musu, wannan gaskiya ne. Shi ya sa maki mai tsoka yake can ƙarshe, a baki. Ki zauna a matsayin uwar, ki ce, "Nas, ni ban san mililita ba, kofi nawa ne? In ya amayar fa? In daina ba shi nono?" Wadda ta karanta za ta ce a dakata minti 10 a ci gaba a hankali, nono kuma kada a fasa. Wadda ta kwafa za ta hau kallon silin.

Wahalarsa a kanki take. Shirya guda ɗaya zai iya cinye miki Asabar da Lahadi, kuma shafi kan mutu, dole ki sake dubawa kowane zango. Ga data, ga wuta. Maganin wannan, ki sauke takardun da kanki ki tura musu ta WhatsApp, waya ɗaya ta ishi rukuni.

Akwai kuma inda sakin ya fi. Tunda ke kike tace musu shafuka, ba sa koyon rarrabe tsaba da tsakuwa da kansu, alhali ran da suka fara aiki ba za ki bi su ba. Don haka 'yan ajin ƙarshe, masu shirin rubuta furojet, a sake su, amma da sharaɗi: kowane shafi su faɗi wanda ya wallafa shi, da shekarar, da dalilin da ya sa suka yarda da shi.

Laccar ma kada ki jefar. Yadda hanji ke zuƙar gishiri tare da sukari, minti 20 a allo ya fi su yi ta lalube. Mintsinar fatar ciki a ga ko ta koma da wuri, don gane ƙarancin ruwa, kuwa, wannan sai a ɗakin yara, hannunki a kan nasu.