Tantancewar Debian ko buɗaɗɗiyar ƙofar AUR?

A Debian, ɗaya daga cikin tsarukan Linux masu tafiyar da kwamfuta, manhajar da wani ya rubuta a waje ba ta shiga rumbun manhajoji kai tsaye. Sai an sami mai kula da ita, a duba lasisinta ko ya dace da DFSG, wato ƙa'idojin Debian na manhaja mai 'yanci, a bi ta da manhajar lintian don gano kurakuran haɗi. Daga nan ta sauka a reshen unstable, ta yi 'yan kwanaki ba tare da an kama ta da babban aibi ba, sannan ta wuce testing, reshen gwaji. Kafin ta kai stable kuwa, wato tabbataccen reshen da ake fitarwa ga jama'a, sau da yawa marubucinta ya fitar da sabon zubi. Masu son sabon abu na ƙorafi da wannan jan ƙafa, kuma suna da hujja.

AUR, rumbun da masu amfani da Arch Linux ke cikawa da kansu, ba ya wannan wahala. Kowa na iya ɗora fayil ɗin PKGBUILD, mai ɗauke da umarnin haɗa manhaja, dubawa kuma ta rage ga mai saukewa. A 2018 wani ya karɓe kunshin acroread (manhajar karanta PDF) da aka yasar a AUR, ya cusa masa mugun umarni.

Sai dai tantancewa ma ba ta kama komai. Ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1 na xz, manhajar matse fayiloli, ta ratsa har cikin testing na Debian, sai a Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya gano ta bayan ya lura SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na cin lokaci fiye da kima. Jan ƙafar nan na Debian ne ya hana ta kaiwa stable. Don haka a sabar da jama'a suka dogara da ita, Debian zan ɗauka. AUR sai a kwamfutar wanda zai karanta PKGBUILD da idonsa.